Babi na Huɗu: Kiraye-kirayen Jama'a ga Gwamnati kan Fayyace Tsarin Rabon Allurar Rigakafin Korona a Nijeriya

4.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin duba wani al'amari da ya ɗauki hankalin jama'ar Nijeriya tun daga ƙarshen shekarar 2020 har zuwa ƙarshen 2021, wato kiraye-kirayen da aka riƙa yi wa gwamnati na ta fito fili ta bayyana yadda za ta samo allurar rigakafin cutar korona da kuma yadda za ta raba ta. Za a fara da bayanin abin da ake nufi da tsarin rabo, sannan a kawo yanayin da ya haifar da kiraye-kirayen da dalilansu na tarihi. Daga nan sai a zayyana tambayoyin da mutane suka nemi a amsa musu da irin amsar da hukuma ta bayar. A ƙarshe za a auna tsarin da aka shimfiɗa a takarda da abin da ya wakana a aikace.

4.1 Ma'anar Tsarin Rabo

Kalmar annoba a wajen Bahaushe na nufin cutar da ta faɗa wa gari ko ƙasa a lokaci guda, ta kama mutane masu yawa, kamar yadda agana da ƙyanda da sanƙarau suka riƙa yi a da. Rigakafi kuwa shi ne duk wani mataki da aka ɗauka don tare cuta tun kafin ta zo, shi ya sa masu iya magana kan ce rigakafi ya fi magani. Bahaushe ya daɗe da sanin rigakafin asibiti, domin tun zamanin Turawa aka fara yi wa yara lamba saboda agana.

Abin da ake nufi da tsarin rabo a wannan aiki shi ne bayanin da hukuma ke bayarwa tun da wuri, wanda ya ƙunshi yawan allurar da ake sa ran samu, da inda za ta fito, da lokacin isowarta, da wurin ajiye ta, da jerin waɗanda za a fara yi wa, da kuma wanda za a tuhuma idan abu ya lalace. Irin wannan tsari ba ya zama dole sai abin da za a raba ya gaza yawan masu bukata. Idan ruwa ya wadata a rijiya babu mai tambayar wa zai fara ja. Idan kuwa ya ja baya, to, dole a san wanda zai fara zura guga da dalilin da ya sa aka gabatar da shi.

4.2 Yanayin da ya Haifar da Kiraye-kirayen

An tabbatar da ɓullar korona a Nijeriya a ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a jikin wani ɗan ƙasar Italiya da ya sauka a Legas. A watan Maris na wannan shekara Shugaba Muhammadu Buhari ya kafa kwamitin yaƙi da cutar a ƙarƙashin Sakataren Gwamnatin Tarayya, Boss Mustapha, aka kuma ba da umarnin kulle Legas da Ogun da Abuja daga ranar 30 ga watan. A watan Afrilu kullen ya iso Kano, a daidai lokacin da aka yi ta samun mace-macen dattawa a birnin. A cikin wannan wata ne kuma cutar ta yi ajalin Shugaban Ma'aikatan Fadar Shugaban Ƙasa, Malam Abba Kyari. An rufe makarantu da kasuwanni da wuraren ibada, kuma ba a je aikin hajji daga Nijeriya ba a 2020 da 2021. Saboda haka, ko wanda cutar ba ta kwantar ba ya ji ta a jikinsa ta fuskar abinci da sana'a.

A ranar 8 ga Disamba, 2020, Birtaniya ta fara yi wa mutanenta allurar kamfanin Pfizer. Kafin wannan rana ta riga ta buga jerin rukunoni tara na waɗanda za a fara da su, tun daga tsofaffin da ke gidajen kula da gajiyayyu da masu yi musu hidima, har zuwa 'yan shekara 50. Ke nan kowane mutum na iya duba shekarunsa ya san inda ya faɗa a layi. 'Yan Nijeriya sun ji wannan labari a gidajen rediyo, suka kuma fara tambayar inda nasu jerin yake.

Matsalar ita ce Nijeriya ba ta sarrafa allurar rigakafin ɗan Adam a lokacin. Ɗakin harhaɗa rigakafi na Gwamnatin Tarayya da ke Yaba a Legas, wanda a da yake samar da rigakafin agana da na zazzaɓin shawara da na cizon mahaukacin kare, ya daina aiki tun 1991. Ƙasashe masu arziki kuwa sun riga sun biya kuɗin mafi yawan allurar da kamfanoni za su fara fitarwa tun ba a gama gwajinta ba. Abin da ya rage wa ƙasashe irin su Nijeriya shi ne shirin COVAX, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyoyin Gavi da CEPI suka kafa, asusun UNICEF kuma ya ɗauki nauyin jigila. Alkawarin shirin shi ne samar da allurar da za ta ishi kashi 20 cikin ɗari na jama'ar kowace ƙasa. A nata ɓangaren, gwamnatin Nijeriya ta ce burinta shi ne ta yi wa kashi 40 cikin ɗari a 2021, ta ƙara kashi 30 a 2022, jimilla kashi 70. Duk mai lissafi zai ga cewa tsakanin 20 da 70 akwai tazarar kashi 50, wato sama da mutum miliyan 100 a ƙasar da jama'arta suka haura miliyan 200. Wannan tazara ita ce tushen yawancin tambayoyin da aka yi.

4.3 Dalilai na Tarihi

Neman bayani da jama'a suka yi, musamman a Arewa, yana da nasaba da wasu abubuwa uku da suka gabata. Ga su kamar haka:

4.3.1 Gwajin Maganin Trovan a Kano

A 1996 annobar sanƙarau ta ɓarke a Arewacin Nijeriya, ta hallaka dubban mutane. A cikin wannan hali ne kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 daga cikinsu suka rasu, wasu kuma suka nakasa. Iyaye sun ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta laifi, ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar. An daɗe ana shari'a kafin a sasanta da gwamnatin Jihar Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Da aka ji cewa allurar korona ta farko da Nijeriya ke jira ta wannan kamfani ce, sai tsohon miki ya taso. Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

4.3.2 Ƙauracewa Rigakafin Shan Inna

A 2003 wasu jihohin Arewa sun dakatar da ɗiga wa yara rigakafin shan inna, saboda zargin cewa an gauraya shi da abin da ke hana haihuwa. Kano, a zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, ita ce ta fi daɗewa, domin ba ta koma ba sai a watan Yuli na 2004, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma kawo maganin daga Indunusiya. A sanadin wannan tsaiko cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. Abin da ya gyara lamarin daga baya shi ne shigo da sarakuna da malamai cikin aikin, musamman bayan kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko a 2009, bisa jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar. Duk da haka, a watan Fabrairu na 2013 an harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. Sai a ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ainihin ƙwayar cutar shan inna. Darasin da ke cikin wannan shi ne, a ƙasar Hausa kai magani ƙofar gida bai isa ba, sai maigida ya gamsu da wanda ya aiko shi.

4.3.3 Kayan Tallafin Kulle

Abu na uku shi ne mafi kusa. A lokacin kulle, gwamnati da gamayyar 'yan kasuwa ta CACOVID sun yi alkawarin raba kayan abinci ga marasa ƙarfi. Mutane da yawa sun ce ba su gani a ƙasa ba. A watan Oktoba na 2020, bayan zanga-zangar EndSARS, jama'a sun fasa rumbuna a garuruwa da dama, ciki har da Legas da Jos da Kaduna da Kalaba, suka tarar da buhunan abinci jibge. Gwamnatocin jihohi sun ba da hanzari iri-iri, wasu suka ce ana jiran kammala shirin rabo ne. Ko ma mene ne gaskiyar kowace jiha, abin da ya zauna a zukatan talakawa shi ne cewa abin da aka kawo dominsu yana iya maƙalewa a hanya. Wata biyu kacal bayan wannan aka fara maganar allura, don haka ba abin mamaki ba ne da aka nemi a ga lissafi a fili.

4.4 Tambayoyin da Jama'a Suka Nemi Amsarsu

Masu kiraye-kirayen sun haɗa da 'yan majalisa da ƙungiyoyin likitoci da 'yan jarida da malaman addini da ƙungiyoyin sa ido kan dukiyar jama'a irin su BudgIT da Connected Development, waɗanda suka riƙa bin diddigin kuɗin korona. Akwai kuma talakawa masu bugo waya a shirye-shiryen rediyo. Doka ma ta ba su hurumi, domin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta wajabta wa hukumomi ba da bayani ga wanda ya nema. Ana iya kasa tambayoyin nasu gida biyar.

4.4.1 Da Wa Za a Fara?

Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa, wadda Dokta Faisal Shu'aib ke shugabanta a lokacin, ita aka ɗora wa alhakin rabo. Ta kasa aikin zango huɗu. Zango na farko ya ƙunshi ma'aikatan lafiya da sauran masu aikin da ke haɗa su da jama'a, kamar jami'an tsaro da ma'aikatan tashoshin shiga ƙasa, tare da manyan shugabanni. Zango na biyu na 'yan shekara 50 zuwa sama ne, da kuma masu fama da cututtuka irin su ciwon suga da hawan jini. Zango na uku ya shafi wuraren da cutar ta fi ƙamari, na huɗu kuma sauran waɗanda suka kai shekara 18. Hujjar wannan jeri a fili take: idan malaman asibiti suka kwanta babu mai jinyar sauran, tsofaffi kuwa su cutar ta fi kashewa.

Rukunin da ya jawo ka-ce-na-ce shi ne na shugabanni. Hukuma ta ce an sa su gaba ne don jama'a su gani su yarda. Masu suka kuma suka ce ba a iyakance ko su wane ne ba, saboda haka ƙofa ce da mai hali da iyalinsa za su bi su tsallake layi.

4.4.2 Yaushe Za ta Zo, kuma Nawa?

A farkon 2021 an sanar cewa allura 100,000 ta Pfizer za ta iso a ƙarshen Janairu, daga baya aka ce Fabrairu. Ba ta zo ba. Sai aka bayyana cewa an musanya ta da alkawarin allura miliyan 16 ta AstraZeneca daga COVAX, wadda za ta riƙa zuwa kashi-kashi. Canjin yana da ma'ana ta fuskar yawa da sauƙin ajiya, amma sauya rana sau biyu ya rage darajar sanarwar da ta biyo baya. Gana ce ta fara karɓar kason COVAX a duniya, allura 600,000, a ranar 24 ga Fabrairu, 2021. Na Nijeriya ya sauka a Abuja a ranar 2 ga Maris.

4.4.3 Ina Kuɗin Yake?

A watan Disamba na 2020 Ministan Lafiya, Dokta Osagie Ehanire, ya shaida wa Majalisar Dattawa cewa za a bukaci kimanin naira biliyan 400 don cimma burin kashi 70. Amma kasafin kuɗin 2021 da aka sa wa hannu a ƙarshen wannan wata bai tanadi kuɗin sayen allurar ba, kamar yadda Ministar Kuɗi, Zainab Ahmed, ta tabbatar a watan Janairu. Ƙarin kasafin da aka yi alkawari, na kusan naira biliyan 983, bai zama doka ba sai a watan Yuli, kuma kaso mafi tsoka a cikinsa na harkar tsaro ne. Ke nan an shafe rabin shekara akwai buri amma babu kuɗin da aka ware masa. Wannan ya dace da tsohon ƙorafin masana, cewa tun 2001 ƙasashen Afirka suka amince a Abuja za su riƙa ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya, amma Nijeriya ba ta taɓa kaiwa ba.

4.4.4 Ina Za a Ajiye ta?

Allurar rigakafi aba ce mai saurin lalacewa idan zafi ya taɓa ta. Ta Pfizer, a yadda aka fara fitar da ita, tana bukatar sanyin da ya kai kimanin digiri 70 ƙasa da sifiri, ta Moderna kimanin digiri 20 ƙasa da sifiri. Ta AstraZeneca kuwa firji na yau da kullum ya ishe ta, wato digiri 2 zuwa 8, irin wanda ake ajiye rigakafin yara a ciki. A watan Janairu na 2021 hukuma ta nuna wa 'yan jarida na'urori uku masu tsananin sanyi a babbar ma'ajiyarta ta Abuja. Tambayar da ta biyo baya ita ce yadda allurar za ta bar Abuja ta kai hedikwatar jiha, daga can ta kai ƙananan hukumomi 774, sannan ta isa ɗakin shan magani na ƙauye inda babu wutar lantarki. Bugu da ƙari, kwalba ɗaya ta AstraZeneca na ɗauke da allurar mutum goma, kuma da zarar an buɗe ta dole a ƙarar cikin awa shida. Idan mutum uku kawai suka zo, ko dai a sallame su su dawo gobe, ko a yi asarar bakwai. Saboda haka sanar da rana da wuri ga mutanen unguwa wani ɓangare ne na hana asara.

4.4.5 Shin Allurar Tana da Lafiya?

Hukumar NAFDAC, ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta amince da allurar AstraZeneca a watan Fabrairu na 2021. Sai dai a tsakiyar Maris wasu ƙasashen Turai, ciki har da Jamus da Faransa da Italiya, suka dakatar da ita na ɗan lokaci saboda rahotannin daskarewar jini a jikin mutane ƙalilan. Hukumar magunguna ta Turai ta bincika, ta ce amfanin allurar ya rinjayi haɗarinta. Nijeriya ta ci gaba da aikinta, amma labarin dakatarwa ya fi na bincike saurin yaɗuwa. A cikin gida kuma, Gwamnan Kogi na lokacin, Yahaya Bello, ya fito fili ya nuna shakku kan allurar, ya ce ba za a yi masa ba. Har ila yau akwai tambayoyi na addini, kamar ko allura na karya azumi, ganin cewa watan Ramadan ya kama a tsakiyar Afrilu. Malamai da dama sun yi bayanin cewa allurar da ba ta abinci ba ce ba ta karya shi.

4.5 Yadda Rabon ya Gudana

Kason farko allura miliyan 3.9 ne da 'yan kai, waɗanda kamfanin Serum na Indiya ya sarrafa. Da yake sau biyu ake yi wa kowane mutum, wannan adadi bai kai ya ishi mutum miliyan biyu ba, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na jama'ar ƙasa. An ƙaddamar da aikin a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja a ranar 5 ga Maris, 2021, inda aka fara da wani likita, Dokta Cyprian Ngong. Washegari aka yi wa Shugaba Buhari da mataimakinsa Yemi Osinbajo a gaban 'yan jarida, gwamnoni da dama kuma suka bi sahu. Legas ta samu kimanin allura 507,000, Kano kimanin 209,000. Jihar Kogi ce ta zo ta ƙarshe wajen karɓa.

An buɗe shafin intanet don mutane su yi rajista da kansu. Wannan ya yi wa 'yan boko na birni daidai, amma tsoho ɗan shekara 70 a ƙauye, wanda shi tsarin ya ce a gabatar, ba shi da waya mai intanet. An tanadi masu taimakawa wajen rajista a wurin yin allurar, sai dai sanarwar farko ta fi karkata ga shafin.

Ba a yi nisa ba sai annobar ta tsananta a Indiya, gwamnatin ƙasar ta tsayar da fitar da allura zuwa waje, alhali kamfanin Serum shi ne babban madogarar COVAX. A watan Afrilu hukuma ta umarci jihohi da su daina yin allurar farko da zarar sun ci rabin kasonsu, domin a ajiye sauran ga masu dawowa ta biyu. Matakin daidai ne ta fuskar likitanci, amma mutumin da aka yi ta roƙo ya zo, da ya zo aka ce ya koma, da wuya ya fahimci dalili idan ba a yi masa bayani ba. Kason ya ƙare a watan Yuli, aikin ya tsaya na wasu makonni. A farkon Agusta Amurka ta ba da kyautar allurar Moderna miliyan 4, sannan kashin farko na Johnson & Johnson, guda 177,600, ya iso ta hanyar shirin sayen allura na Tarayyar Afirka. Ita wannan sau ɗaya ake yin ta, don haka aka fi nufin wurare masu wuyar shiga da ita. An buɗe zango na biyu a tsakiyar watan Agusta.

Daga nan lamarin ya juya. Allura ta fara yawa, masu zuwa suka yi ƙaranci. Gwamnatin Tarayya ta sanar cewa daga 1 ga Disamba, 2021, ma'aikacinta ba zai shiga ofis ba sai ya nuna katin rigakafi ko sakamakon gwaji. A ranar 22 ga Disamba kuma aka lalata allurar AstraZeneca guda 1,066,214 a wani juji da ke Abuja, domin wa'adinta ya ƙare. Kyauta ce daga ƙasashen waje da ta iso saura 'yan makonni ta lalace, kuma hukuma ta ce ba za ta ƙara karɓar irinta ba. Shekarar ta ƙare waɗanda suka kammala allurarsu ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba, alhali kashi 40 aka yi buri.

4.6 Auna Tsarin

Idan aka dubi abin da ya gabata za a ga cewa ba daidai ba ne a ce gwamnati ba ta da tsari ko kaɗan. Akwai jerin zanguna, akwai hukumar da ke da alhaki, kuma an riƙa fitar da adadin waɗanda aka yi wa allura jiha-jiha. Raunin ya fito ne ta fuskoki uku. Na farko, an gina tsarin a kan abin da ba ya hannun Nijeriya, aka kuma riƙa faɗin ranaku kamar tabbas ne. Da an bayyana tun farko cewa alkawari ne na wasu wanda ke iya sauyawa, da saɓawar ba ta zama abin zargi ba. Na biyu, kiwon lafiya a Nijeriya nauyi ne da ya rataya a kan matakan gwamnati uku. Tarayya ke samowa, jiha ke ajiyewa, ƙaramar hukuma ke da ɗakin shan magani. Bayanin da ake yi a Abuja ya tsaya ne a kan ƙasa baki ɗaya, shi kuwa talaka abin da yake son ji shi ne wace rana, a wane asibiti. Na uku, yawancin bayanan farko da Turanci aka yi su, a talabijin da intanet, ita kuwa jita-jita da harshen gida take yawo a kasuwa da majalisa da wayar hannu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, wajibi ne a yi adalci. Babu wani tsari, komai kyansa, da zai iya hana Indiya rufe ƙofarta, ko ya tilasta wa masu kyauta su aiko da wuri. Haka kuma hukuma ta nemi malamai da limamai da sarakuna tun a watan Janairu na 2021, ta yi zama da su a Abuja. Lalata allurar da ta lalace a bainar jama'a ma, duk da zafin asarar, ya nuna cewa ba a yi wa kowa ita ba.

Abin lura shi ne yadda adadin ya tashi a 2022, bayan an sauya salo. Tun daga watan Nuwamba na 2021 aka daina jiran mutane a asibiti, aka riƙa kai allurar kasuwanni da tashoshin mota da makarantu da masallatai da coci-coci, aka kuma haɗa ta da rigakafin yara. An yi amfani da hanyar da aka gada daga yaƙi da shan inna, wato hakimi ya gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa mai unguwa, mai shela ya zaga gari. Sharaɗin da Saudiyya ta gindaya na cewa sai mai katin rigakafi zai yi aikin hajjin 2022 shi ma ya taimaka. A wannan shekara jihohin Nasarawa da Jigawa na cikin waɗanda suka yi fice wajen yawan kason mutanen da aka yi wa allura. Wannan ya raunana zaton da wasu ke yi cewa mutanen Arewa ƙin rigakafi ɗabi'arsu ce. Duk da haka, ba a cimma burin kashi 70 na dukan jama'ar ƙasa ba a ƙarshen 2022.

4.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa kiraye-kirayen da jama'a suka yi sun samo asali ne daga ƙarancin allura, da dogaro ga ƙasashen waje, da kuma abubuwan da suka faru a 1996 da 2003 da 2020. An kawo tambayoyi biyar da aka yi wa hukuma da amsoshin da ta bayar, an kuma bi yadda rabon ya gudana tun daga saukar kason farko har zuwa lalata allura sama da miliyan ɗaya. A ranar 5 ga Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire korona daga matsayin larurar gaggawa ta duniya, shirin COVAX kuma ya rufe a ƙarshen wannan shekara. Amma sanƙarau da ƙyanda da mashaƙo da kwalara ba su daina ziyartar ƙasar Hausa ba, kuma duk ranar da rigakafi ya gaza masu bukata, waɗannan tambayoyi biyar za su sake tasowa. Abin da binciken ya nuna shi ne, jama'a sun fi ba da haɗin kai a inda aka faɗa musu gaskiyar abin da ke hannu, da harshen da suke ji, ta bakin wanda suka sani. Babi na gaba zai duba rawar da gidajen rediyo masu watsa shirye-shirye da Hausa suka taka wajen isar da wannan bayani.